Kashi na Biyu: Tarihin Wata Gardama a Zangonmu

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi ko rumfar masu cajin waya a unguwar nan ya san akwai wata gardama da ta ƙi tsufa. Ana yin ta ƙwallo a tashi, ana yin ta siyasa a huce bayan zaɓe, amma ita wannan kullum sabuwa take komawa: shin kashi na ɗaya ne ya fi, ko na biyu? Samarinmu na yau suna ganin su suka ƙago ta. To, ba su ba ne. Mun tarar da ita, mun yi ta har muryoyinmu sun dushe, kuma tare da mu ta hau mota ta zo Abuja. Shi ya sa muka ga ya dace a rubuta tarihinta, don tana da alaƙa da tarihin zamanmu a nan fiye da yadda ake zato.

Wani zai ce me ya haɗa mai jan salla da zancen fim. Amsar ita ce waɗanda suke cika sahu a bayanmu su ne dai suke kallon, 'ya'yanmu ne da ƙannenmu, kuma abin da ya cika kan yaro ba ƙaramin abu ba ne.

Mu fara daga baya. Bahaushe ya san labari mai ci gaba tun kafin ya ga allon majigi. Dare Dubu da Ɗaya gaba ɗayansa a kan wannan dabara aka gina shi: mace tana yanke labari a daidai inda ya yi daɗi don ta kai gobe da ranta. Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, littafi uku ne. A na farko aku yana jan hankalin ɗan sarki da labarai don kada ya fita, a na biyu gasar labari ce tsakanin aku biyu, a na uku uba ne yake koyar da ɗansa. Ku lura, kowane littafi da nasa dalilin, ba a ɗauko na farko aka tsinka shi da ruwa ba. Mun karanta su a makaranta ko an karanta mana, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce an cuce shi da littafi na uku ba. A gefe guda kuma ga tatsuniyar kakanni, wadda take da ƙofar shiga da ƙofar fita. In aka ce ƙurunƙus, to magana ta ƙare, kowa ya je ya kwanta. Da waɗannan ma'aunai biyu muka shiga kallon fim, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Shi ma labarin tafiya sararin samaniya ba baƙo ba ne a Hausa. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaro Kilba da wani halitta, Kolin Koliyo, wanda ya ɗauke shi ya zagaya da shi sama. A lokacin da dattawa da yawa suke rantsuwa cewa zuwa wata ƙaryar Nasara ce, ga ɗan Bahaushe yana yawo tsakanin taurari a littafin da ake karantawa a aji. Yaran yanzu da suke ganin wannan fanni sai Bature, su nemi littafin.

Sinima kuwa ta shigo Kano a 1937 da buɗe Rex, kuma ba a karɓe ta hannu biyu ba. Dodon bango ake ce mata. Gobarar sinimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane tabbacin cewa wurin ba na ɗan mutunci ba ne. Duk da haka kafin mu tasa, Plaza da Orion da Eldorado da Marhaba sun zama sunayen da kowane saurayi ya sani, kuma fim ɗin Indiya ne sarki a cikinsu, sai na Canis, sai na kaboyi. Indiyawan wancan zamani ba su cika yin kashi na biyu ba. Awa uku ce, a raba masoya, a kashe uban jarumi, ya girma ya rama, a yi aure, a kunna fitila. Ka biya kuɗinka, an cika maka mudu. Da suka gwada da labarin macijiya, Nagina a 1986 sannan Nigahen a 1989, Sridevi ce dai a duka biyun, amma na biyun bai kama ƙafar na farko ba, a can ƙasarsu da nan wajenmu.

A daidai wannan tsakanin ne ƙafarmu ta fara yawa a Abuja. Janar Murtala ya sa hannu a dokar sabon babban birni a watan Fabrairun 1976, tsohuwar Abuja ta Zagezagi ta ba da sunanta ta koma Suleja, aka fara sare daji a ƙasar Gwari da Koro da Gade da Gwandara. Kamfanonin gini suka kwaso lebura, mu kuma 'yan tireda da mahauta da masu shayi da 'yan ga-ruwa muka biyo lebura, don inda aka biya albashi nan kasuwa take. Wasu suka fara zama Suleja da Zuba, wasu Nyanya da Karu, wasu ƙauyen Garki, daga baya Karmo da Idu da Gwagwa da Dei-Dei suka cika. Yawancinmu gwauraye ne na dole, iyali suna gida Kano ko Katsina ko Sakkwato. In aka yi sallar isha'i babu inda za a je. Wannan giɓin ne gidan kallo ya cike.

Wanda bai ga gidan kallo na wancan lokaci ba, ga kamanninsa. Rumfar kwano ce, da bencina, da talabijin guda a kan tebur mai tsawo, da bidiyo, da ƙaramin janareto yana kuka a baya. A bakin ƙofa ga allo an rubuta sunan fim da alli, an manna kwalin kaset. Ba kowa ke jin Turanci ba, Indiyanci kuwa sai tsintar kalmomi. Saboda haka a kowane benci akwai wanda ya riga ya kalla sau uku, shi ne mai fassara, ba wanda ya naɗa shi kuma ba mai iya sa shi ya yi shiru. Rabin abin da muka sani game da waɗannan finafinai daga bakin irin waɗannan muka ji, kuma Allah ne kaɗai ya san nawa suka ƙara daga aljihunsu.

A nan muka haɗu da finafinan ƙagen kimiyya, ko da yake ba haka muke kiran su ba. Cewa muke fim ɗin mutum-mutumi, ko na dodanni, ko kawai fim ɗin Kwamando, don tun da Arnold ya yi Commando a 1985 sunan ya bi shi, ko me ya fito a ciki. Star Wars, wanda ya girgiza duniya tun 1977, bai taɓa samun gindin zama a bencinmu ba. Sarautu da taurari sun yi yawa, ba a san wa ke bin wa bashi ba, kuma ga waɗansu halittu masu kama da kayan tashe. Abin da ya kama mu shi ne wanda za a iya bayyanawa da numfashi ɗaya. Predator na 1987: dodo ne a daji, yana ganinka ba ka ganinsa. RoboCop na shekarar: an kashe ɗan sanda an mayar da shi ƙarfe. Mr. India, shi ma 1987: talaka mai riƙon marayu ya samu abin ɗaurawa a hannu da ke ɓatar da shi. Wannan na ƙarshe ba mu sha wahalar gane shi ba, layar zana ce aka yi ta a ɗakin bincike. Haka muka riƙa yi wa sauran, mu ɗauko su mu zuba a ƙwaryar da muka sani, ta aljannu da tauri da baduhu.

Gardamar kashi na biyu ta fi zafi a kan Terminator. Na farkon ya fito a 1984, kuma a cikinsa Kwamando ne mugu, inji ne da aka aiko daga zamani mai zuwa ya kashe wata mata tun kafin ta haifi yaron da zai jagoranci mutane. Wannan kaɗai ya rikita 'yan kallo, don ƙa'idar benci ita ce akta ba ya zama bos kuma akta ba ya mutuwa. Sai ga na biyu a 1991, shekarar da Janar Babangida ya kwaso gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba. A wannan karon injin ya dawo mai kare yaron, abokin gabansa kuwa ƙarfe ne narkakke, a harbe shi ya haɗe, ya bi ta tsakanin sandunan ƙofa kamar ruwa. Kasetsa ya zagaya zangunan Abuja har ya goge. Jama'a suka rabu biyu. Masu son na biyu suka ce an gyara kuskure, an mayar da jarumi mazauninsa, ga shi har ya sadaukar da kansa a ƙarshe. Masu son na farko, waɗanda ba su da yawa amma sun fi taurin kai, suka ce an lalata abin tsoro an mayar da shi ɗan raino. Abin da ba wanda ya yi musu a kai shi ne na biyun ya kawo sabon abu, kuma ya rufe labarin ruf.

Akwai wata gardamar a ƙarƙashin wannan, wadda ta fi shafar ɓangarenmu na masallaci. Labarin ya ginu ne a kan komawa baya a sauya abin da zai faru, kuma an sha tare mu da tambaya ko kallon irin wannan bai taɓa imani da ƙaddara ba. Malamai sun saɓa a kan kallon fim baki ɗaya, kuma wanda ya ƙaurace masa ya huta. Amma a kan wannan tambaya ta musamman, abin da muka riƙa faɗa shi ne ƙagaggen labari ne da bai ɓoye cewa ƙage ba ne, kamar yadda ba wanda ya taɓa kafirta kakarsa don ta ce Gizo ya yi magana da Ƙoƙi. Haɗarin da muka fi gani a fili shi ne wanda ba a tambaya a kai: tsiraici, da fim ɗin da ke cinye la'asar da magariba a zama ɗaya.

Sannan aka shekara goma sha biyu, sai ga na uku a 2003, ba tare da James Cameron da ya shirya biyun farko ba. Na huɗu ya biyo a 2009, na biyar a 2015, na shida a 2019. Shi na shidan ma cewa ya yi a manta da uku da huɗu da biyar kamar ba a yi su ba, kuma a mintunan farko ya kashe yaron nan da aka yi finafinai biyu ana kare ransa. A nan ne masu na ɗaya da masu na biyu suka sasanta, suka haɗu a kan cewa an raina musu hankali. Irin haka ta faru tun da wuri da Predator 2 a 1990, da aka shiga kallo aka tarar babu Kwamando a ciki. Masu gidajen kallo sun sha zagi a kan laifin da ba nasu ba.

Kada mu ɗora wa Amurkawa duka laifin, don namu ma sun iya. Fim ɗin Hausa na bidiyo ya fara da Turmin Danya a 1990, kuma ya gaji ɗabi'ar littattafan soyayya na Kano, waɗanda ake fitarwa na ɗaya, na biyu, na uku. Kafin a kai shekarun Sangaya da Wasila, wajen 2000, kasuwa ta buɗe sosai, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka zama su ne masu faɗa a ji. Mu 'yan kasuwa ne, mun san lissafin: kuɗin ɗaukar fim guda ne, in ka raba shi biyu ka sayar sau biyu. Sai aka wayi gari kusan kowane fim yana da 1 da 2, da faifai ya zo aka koma har 3 da 4. Ka sayi na ɗaya, kashi ɗaya cikin uku tallan wasu finafinai ne, ga waƙa uku, ana fara shiga labari sai a rubuta a tari kashi na biyu. Ka sayi na biyun, a ɓata rubu'in awa ana tuna maka abin da ka riga ka gani. Sura guda Allah Ya saukar a kan masu tauye mudu, kuma ba a ce mudun hatsi kaɗai ba. Satar fasaha ta yi wa wannan kasuwa illa babba, wannan gaskiya ne, amma mai sayen da aka saba yi wa rabin mudu ba ya jin nauyin sayen na sata.

Daga nan ne hukuncin 'yan kallonmu ya fito sarari, kuma a ganinmu hukunci ne mai kyau. Suna bambanta labarin da bai ƙare ba da labarin da aka ƙi ƙarewa. Na farko bashi ne da mai labari ya ɗauka, ana jiransa ya biya. Dubi Baahubali, wanda ba na kimiyya ba ne amma shi ne misali mafi kusa. Na ɗaya ya fito a 2015 ya tsaya a kan tambaya guda, me ya sa amintaccen bawa Kattappa ya kashe ubangidansa. Shekara biyu ana wannan tambaya daga Zuba har Mararaba, da na biyu ya zo a 2017 ya amsa ta dalla-dalla, ba wanda ya yi ƙorafi. An biya bashi har da gyara.

Kafin a kai wannan lokaci gidan kallo irin na da ya riga ya tafi. Rusau na zamanin minista Malam Nasiru El-Rufa'i, tsakanin 2003 da 2007, ya share Karmo da Idu da wasu unguwanni da dama, mutanenmu suka watsu, wasu suka gangara Mararaba da Masaka, wasu Suleja da Madalla, wasu suka koma gida ɗungurungum. Rumfunan da suka tsira ko aka sake kafawa sai suka juya ga ƙwallon Turai, wadda ta fi kawo kuɗi kuma ba ta buƙatar mai fassara. Manyan sinimomin cikin gari irin na Silverbird kuwa, kuɗin tikiti da na mota sun fi ƙarfin mai tura baro.

Abin da ya dawo da finafinan kimiyya hannun talaka shi ne fassara. Da kamfanoni irin su Algaita a Kano suka fara ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya, sai mai fassaran benci ya shige cikin fim ɗin kansa, da barkwancinsa da karin maganarsa da ƙarin gishirinsa. Masu shirya finafinan Hausa sun koka cewa ana kashe musu kasuwa, kuma kukansu yana da dalili. Amma ta wannan hanya da ta faifai matan aure da yara suka san Jadoo, baƙon sama na Koi Mil Gaya na 2003, da Krrish na 2006. Na gaba da shi ya fito a 2013 da suna Krrish 3, aka yi ta yawo shago-shago ana neman Krrish 2, har ana zargin masu faifai da ɓoyewa. Babu shi. Masu fim ɗin sun lissafa Koi Mil Gaya ne a matsayin na ɗaya. Haka aka san Chitti, mutum-mutumin Rajinikanth na 2010, wanda aka sa masa zuciya ya kamu da son budurwar wanda ya ƙera shi. Ci gabansa, 2.0, ya zo a 2018 da labarin wayoyin salula suna fizgewa daga hannun mutane suna tashi sama kamar tsuntsaye. 'Yan'uwanmu masu sayar da waya a Banex da kasuwar Wuse sun sha tsokana a kansa. Ra'ayin da ya fi yawa a nan shi ne na biyun ya fi kashe kuɗi, na farkon ya fi labari.

Akwai abin da ya sa muka daina yi wa waɗannan finafinai dariyar da muke yi a da. Abubuwa da yawa da mai fassara yake rantsuwa a kansu muna ce masa maƙaryaci, yau suna aljihunmu: ka yi magana da mutum kana ganin fuskarsa daga Makka, ka tambayi waya ta ba ka amsa. Wani kuma ya zo mana ta hanyar da ba mu so. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na soja ya jefa bam a kan masu Mauludi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna, mutum fiye da 80 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Hukumar soja ta ce kuskure ne. Ba inji ne ya yanke hukunci ba, mutum ne a zaune a wani wuri yana kallon allo. Amma waɗanda suka ga injuna suna farautar mutane daga sama a rumfar kwano shekara talatin da suka wuce ba su ƙara kiran abin tatsuniya ba.

Yau gardamar ta koma kan finafinai masu dogon zango, kuma abin dariya, kalmar da muke kiran mazauninmu da ita ce aka ara wa abin. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya fi shekara goma ana yi. Izzar So da Labarina sun fara a 2020, kuma Labarina na Malam Aminu Saira ya ɗanɗana irin hukuncin da Predator ya sha: da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022 aka ba wata matsayin Sumayya, gidaje sun rabu, wasu suka ce sun daina kallo, wasu suka ce labari suke bi ba fuska ba. Daga baya aka rufe wancan labarin aka buɗe sabo a ƙarƙashin sunan, kuma mutane da yawa da suka yi fushi suka dawo.

Bambancin shi ne yanzu ba a benci ɗaya ake kallo ba. Kowa da wayarsa da abin kunnensa, uba bai san abin da ɗansa yake kallo ba, alhali a rumfar kwano in abin kunya ya fito akwai babban da zai yi tsaki a tura kaset gaba. Gardamar ce kawai ta rage a bainar jama'a, a wurin masu tura fim a memori. Su ma sun ce ciniki ya sauya. Yaro zai zo ya tambaya zango nawa ne, an gama ko ba a gama ba, in aka ce saura, sai ya mayar da memorinsa aljihu ya ce a kira shi ran da aka kammala.